Ɗigo Nawa a Minti? Tarihin Ciyar da Mara Lafiya ta Jijiya

A shekarar 1843 wani matashin likita ɗan Faransa mai suna Claude Bernard ya narka sukarin rake a ruwa, ya ɗura wa dabba ta jijiya, ya zauna yana jiran fitsarinta. Sukarin ya fito kusan yadda ya shiga. Sai ya sake gwajin, amma a wannan karon ya fara jiƙa sukarin a ruwan da ciki ke narka abinci da shi kafin ya ɗura. Bai ga komai a fitsarin ba, jiki ya karɓe ya yi amfani da shi. Ruwan cikin ya farfasa sukarin rake zuwa wasu ƙananan sukari guda biyu, ɗayansu kuwa shi ne gulukos, wanda ke yawo a jinin kowane ɗan Adam dare da rana. Daga nan aka gane cewa jijiya ba baki ba ce. Duk abin da za a zuba mata dole ya zo a siffar da hanji ke miƙa wa jini bayan ya gama aikinsa.

Kafin Bernard laluben duhu ake yi. Tun da William Harvey ya bayyana a 1628 cewa jini zagaye yake yi, ya fita daga zuciya ya komo mata, masana suka fara tunanin cewa abin da aka saka a jijiya ɗaya zai isa ko'ina a jiki. A 1656 Christopher Wren, wanda daga baya ya yi suna a zanen gine-ginen Landan, ya haɗa karan gashin tsuntsu da mafitsarar dabba ya ɗura wa karnuka giya da ofiyom a Oxford. Wani ya gwada man zaitun, karen ya mutu. Ko bayan Bernard ma, a Toronto ta Kanada an ɗura wa masu kwalara madarar shanu a 1854. Wanda ya fi kusantar gaskiya a cikinsu shi ne Thomas Latta, likita a garin Leith na Sikotland, a lokacin annobar kwalara ta 1832. Ya sami wata tsohuwa da amai da gudawa suka tsotse, idanu sun faɗa, bugun jini ya ɓace, ya zuba mata ruwan gishiri fiye da lita uku ta jijiyar hannu. Ta farfaɗo har ta yi magana. Ya bar ta ya je ya huta, gudawar ta dawo, ba a aika masa ba, ta rasu bayan 'yan awoyi. Shi ma Latta ya rasu a shekarar da ta biyo, aikin ya kwanta kusan shekara hamsin.

Sai a 1896 aka ɗura wa mutum gulukos ta jijiya, a birnin Biyana, a hannun Arthur Biedl da Rudolf Kraus. A 1911 likitan tiyata Walther Kausch na Balin ya fara ba waɗanda aka yi wa aiki shi da nufin ciyarwa. Amma duk wanda aka ɗaura wa ruwa a wancan zamani sai a zauna cikin shirin zazzaɓi da makyarkyata. Wasu likitoci suka zargi sukarin, wasu gishirin. Wata masaniyar sinadarai a jami'ar Yale, Florence Seibert, ita ta nuna a 1923 cewa laifin na ruwan ne. Ƙwayoyin cuta suna barin guba a cikinsa, tafasawa tana kashe su ba ta lalata gubar, kuma feshin ruwa yana tsallakawa da ita a cikin tukunyar tacewa. Ta saka wa tukunyar abin tare feshin, aka sami ruwan da ba ya jawo zazzaɓi. Ba a cika ambaton sunanta ba, alhali duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwa ya tashi lafiya ya ci gajiyar wannan baiwar Allah.

A tsakanin nan, a 1915, wasu likitoci uku a Shikago, Rollin Woodyatt da William Sansum da Russell Wilder, suka yi tambayar da duk sauran labarin nan ya rataya a kanta. Waɗanda suka gabace su suna tambayar giram nawa na sukari jiki zai iya ɗauka. Su kuwa suka ce tambayar ba ta cika ba sai an ƙara da cewa: a cikin wane lokaci? Giram ɗari da aka tura a minti goma daban yake da giram ɗari da aka raba a awa uku. Suka ƙera injin da ke tura ruwa cikin jijiya da sauri ɗaya, ba ƙari ba ragi, har tsawon awoyi, suka gwada a kan dabbobi da mutane, suna ƙara saurin kaɗan-kaɗan suna duba fitsari. Suka tarar lafiyayyen jiki yana shanye giram 0.85 na gulukos ga kowane kilo na nauyinsa a awa ɗaya ba tare da sukari ya ɓulla a fitsari ba. Ga mai kilo 70, kusan giram 60 ke nan a awa. A ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi yau, wajen miligiram 14 ga kowane kilo a minti ɗaya.

Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma su ne suka koya wa likitoci yin lissafin sukari da nauyin jiki da agogo. Sai dai a lura da shaidar da suka dogara da ita. Ƙoda ba ta sakin sukari a fitsari sai ya haura wajen miligiram 180 a kowane mililita 100 na jini. Fitsari yana gaya maka cewa sukarin bai zube ba, ba ya gaya maka inda ya je, ko an ƙona shi an sami ƙarfi, ko an mayar da shi kitse an jibge a hanta. Kuma masu lafiya aka gwada na 'yan awoyi, alhali wanda ke kwance da ƙuna ko ruɓa a ciki makonni zai yi ana ɗura masa. Fitsarin nan shi ya ci gaba da zama alƙali a gefen gado shekaru kusan sittin.

Sauran kayan aiki suka zo da sauri. A Janairun 1922 aka fara yi wa mutum allurar insulin a Toronto. A 1924 Rudolph Matas na New Orleans ya bayyana yadda ake barin ruwa yana ɗiga a jijiya kwana da kwanaki. A shekarun 1930 kamfanoni irin su Baxter suka fara sayar da ruwa mai tsabta a kwalaben da aka toshe, asibitoci suka huta da dafa nasu. A 1937 Robert Elman na St. Louis ya ɗura wa marasa lafiya furotin ɗin madara da aka riga aka farfasa, aka sami abin gina tsoka ban da abin ba da ƙarfi.

Duk da haka mutane suka ci gaba da mutuwa da yunwa a gadon asibiti, kuma dalilin lissafi ne mai sauƙi. Ruwan gulukos da jijiyar hannu ke jurewa cikin daɗi shi ne mai kashi 5 cikin ɗari, wato giram 50 a lita, kalori 170 kacal. Ledar rabin lita da muka saba gani a rataye giram 25 ke cikinta, bai kai sukarin da ke cikin lemon kwalba guda ba. Babban mutum yana bukatar kalori 2,000 ko fiye a rana, ka ga sai an zuba masa lita goma sha biyu ke nan, abin da zai cika masa huhu da ruwa tun kafin ya ƙoshi. A 1936 Hiram Studley ya bi diddigin waɗanda aka yi wa tiyatar gyambon ciki a Cleveland. Cikin waɗanda suka rasa fiye da kashi 20 na nauyinsu kafin aiki, ɗaya cikin uku ya mutu. Cikin waɗanda ramarsu ba ta kai haka ba, kashi 3.5 ne kawai suka mutu. Aiki iri ɗaya aka yi musu, rama ce ta raba su.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara haske ta wata hanyar da ba a zata ba. An nemi James Gamble na jami'ar Harvard ya gano mafi ƙarancin guzurin da za a ajiye wa waɗanda jirginsu ya nitse suka rage a kan ƙaramin kwale-kwalen ceto. Ya gwada masu sa kai da suka zauna ba abinci, ya ga cewa idan babu sukari jiki yana narka tsokarsa domin ya samar wa ƙwaƙwalwa gulukos, domin ƙwaƙwalwar babba tana cin wajen giram 120 a rana. Giram 100 na gulukos a rana ya rage wannan asarar tsoka da kusan rabi, ninka shi kuwa bai ƙara wani abin kirki ba. Asalin al'adar ba wanda aka hana ci lita biyu na mai kashi 5 ke nan. Yana rage ɓarna na 'yan kwanaki, amma bai kai a kira shi abinci ba.

To me zai hana a ƙara kaurin ruwan? An gwada. Da zarar sukari ya wuce kashi 10 ko 12, ƙaramar jijiyar hannu takan ƙone ta ciki, ta yi ja, ta kumbura, ta toshe cikin kwana ɗaya ko biyu. A asibitin jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya, babban likitan tiyata Jonathan Rhoads ya gwada ba da lita biyar ko fiye a rana tare da maganin sa fitsari domin a fitar da rarar ruwan. Dabarar ta yi wahalar riƙewa. Wani matashi da ke koyon tiyata a ƙarƙashinsa, Stanley Dudrick, shi ya ɗauki matsalar ya rungume. Ya sha ba da labarin yadda a farkon aikinsa a 1961 wasu marasa lafiya uku suka rasu bayan tiyatar da aka yi ba kuskure, malaminsa ya nuna masa cewa ƙarfin warkewa ne ba su da shi. Mafitar da suka samu da shi da Harry Vars da Douglas Wilmore ita ce a canza wurin zubawa. Tun 1952 wani likitan Faransa da ke aiki a Aljiyas, Robert Aubaniac, ya nuna yadda ake shiga babbar jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa. Idan aka zura siririn tiyo har bakinsa ya kai babbar jijiyar da ke zuba a zuciya, jinin da ke wucewa a wurin yana da yawan da zai tsinka ruwan nan take, ko da sukarinsa ya kai kashi 25.

Suka fara da 'yan kwikwiyo shida. Suka ciyar da su ta jijiya kaɗai, wasu kwana 72, wani har kwana 256, suka girma daidai da 'yan uwansu da ke cin abinci da baki. A 1967 aka haifi wata yarinya da mafi yawan ƙaramin hanjinta a toshe, bayan tiyata ɗan guntu ne ya rage mata. Nauyinta ya sauka ƙasa da kilo biyu a asibitin yara na Filadelfiya, kowa ya fitar da rai. Aka saka mata tiyon. Ta fara ƙiba, tsayinta ya ƙaru, kanta ya girma. Wata 22 ta rayu a haka kafin ta rasu, kuma rahoton da Wilmore da Dudrick suka buga a 1968 ya tabbatar wa duniya cewa ana iya raya mutum har ya girma ba tare da hanji ba. Wanda ya taɓa ganin yaron da taifod ta huda wa hanji, aka ɗinke ɗinkin ya ɓalle, abinci yana fita ta rauni yana ramewa kullum a gaban mahaifiyarsa, ya san girman abin da mutanen nan suka kawo.

Murna ce ta jawo kuskuren da ya biyo. Likitocin da suka shekara suna kallon marasa lafiyarsu suna narkewa yanzu ga abinci a hannunsu, sai suka buɗe hannu. Aka riƙa ba mutum kalori 3,000 zuwa 5,000 a rana. A Amurka kuma kusan dukansa sukari ne, saboda wani dalili na daban. Man anguryar da aka sarrafa domin jijiya ya cutar da mutane har aka janye shi a tsakiyar shekarun 1960. A Siwidin kuwa Arvid Wretlind ya riga ya haɗa man waken suya da sinadarin gwaiduwar ƙwai a 1961, ya fitar da Intralipid wanda jiki ke karɓa lafiya, asibitocin Turai suka raba kalori tsakanin mai da sukari. Amurka ba ta amince da shi ba sai tsakiyar shekarun 1970. Shekaru kusan goma ke nan ana ɗora wa gulukos nauyin da ya kamata a raba.

Ba a daɗe ba illar ta bayyana. Sukari ya riƙa hauhawa a jini, ƙoda tana zubar da shi yana jan ruwa, mutum ya bushe alhali ga ruwa ana ɗura masa, har ya suma. Idan kuma leda ta ƙare ba a lura ba, ko tiyo ya toshe, jikin da ya saba kwararo insulin domin ya tari sukarin nan ba ya tsayawa nan take, sai sukarin ya faɗi warwas, gumi ya karyo, jijjiga ta biyo. Daga nan aka koyi rage ruwan a hankali kafin a cire, da rataya mai kashi 10 idan ledar abinci ta yanke ba shiri. Ƙwayoyin cuta kuma suka sami hanya ta tiyon, fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙarsu kuwa ba sa aiki sosai a jinin da sukari ya yi wa yawa.

A Boston aka sami amsar tambayar da fitsari ya kasa amsawa. John Burke likitan masu ƙuna ne, kuma ba wanda jikinsa ke cin abinci kamar wanda wuta ta ƙona sosai, don haka su aka fi ɗura wa sukari. Shi da Robert Wolfe da abokan aikinsu suka yi amfani da gulukos mai wata alama a jikinsa, wadda ake iya ganowa a numfashi idan jiki ya ƙona shi. Suka bi sawun sukarin har inda ya ƙare. Sakamakon da suka buga a 1979 ya nuna cewa da zarar an haura wajen miligiram 5 ga kowane kilo a minti, ƙarin da aka yi ba ya ƙara ƙonewa yadda ake zato, ba ya kuma ƙara gina tsoka. Kitse yake zama. A gawarwakin waɗanda suka rasu bayan an ɗura musu da yawa, an tarar da hanta cike da kitse. Mayar da sukari kitse kuma yana fitar da iskar kabon mai yawa wadda dole huhu ya fesar. A 1980 Jeffrey Askanazi da John Kinney da abokansu a jami'ar Columbia ta New York suka nuna yadda wannan ke ƙara wa mara lafiya haki, har a kasa raba shi da injin numfashi. Garin neman ƙiba an samo rama.

Lambar ta sauko ke nan daga 14 zuwa 5, kuma bincike na baya ya ƙarfafa ta. A 1996 aka duba bayanan mutum 102 marasa ciwon suga da aka ciyar ta jijiya a jihar Ohio. Cikin waɗanda aka ba fiye da miligiram 5, kusan rabi sukarinsu ya hau. Tsakanin 4 da 5, wajen ɗaya cikin goma. Daga 4 zuwa ƙasa, ko mutum ɗaya. Shi ya sa ƙa'idojin Turai na yau suka ce kada a wuce 5 ga babba mai matsanancin ciwo. Ga mai kilo 60, giram 432 ke nan a rana, kuma wannan iyaka ce da ba a so a taɓa, yawancin likitoci ƙasa da ita suke tsayawa su cike gurbin da mai.

Akwai wata illa da ta fi duk waɗannan ban tausayi, domin wanda ya fi bukatar abinci shi take kamawa. An gan ta a 1945 lokacin da aka buɗe sansanonin yaƙi, mutanen da suka jure yunwar watanni suka riƙa mutuwa kwanaki kaɗan bayan an fara ba su abinci mai kyau. A 1981 Roland Weinsier da Carlos Krumdieck na jami'ar Alabama suka ba da rahoton marasa lafiya biyu da suka daɗe da rama, aka ɗura musu ɗaruruwan giram na gulukos tun ranar farko, zuciya da numfashi suka gaza, suka rasu. Jikin da ya daɗe ba abinci ya ƙarar da ajiyarsa ta fosfet da fotasiyam da magnisiyam ko da gwajin jini bai nuna ba. Sukari yana shiga, insulin ya tashi ya kwashe ɗan abin da ya rage a jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki, tsokar zuciya ta rasa abin aiki. Haka ma bitamin B1, wanda in babu shi jiki ba ya iya ƙona gulukos har ƙarshe, sai jini ya yi tsami. A 1988, da aka yi ƙarancin bitamin na allura a Amurka, mutum uku sun rasu a wani asibiti ta wannan hanya. Ƙa'idar Birtaniya ta 2006 ta ce a fara wa mai irin wannan haɗari da kalori 10 ga kowane kilo a rana, ko 5 in ramar ta yi tsanani, a ba da B1 tun kafin a fara. Masu aiki a cibiyoyin tamowa a Najeriya da Nijar sun san wannan darasi da hannunsu, domin shi ne dalilin fara wa yaro da madarar F-75 mai sauƙi kafin a kai shi ga mai ƙarfi.

A 1991 asibitocin tsofaffin sojojin Amurka suka gwada abincin jijiya a kan mutum 395 da ke jiran babbar tiyata. Waɗanda aka ciyar sun fi kamuwa da cuta, kashi 14.1 a kan 6.4, kuma masu tsananin rama ne kaɗai suka amfana. Masana da dama suka ɗora laifin a kan yawan abinci da hauhawar sukari. Daga nan hankali ya koma kan insulin. A 2001 Greet Van den Berghe ta jami'ar Leuven a Beljiyam ta buga binciken da ya girgiza ɗakunan kulawa ta musamman. Cikin mutum 1,548, waɗanda aka riƙe sukarinsu tsakanin 80 da 110 da insulin ta jijiya sun mutu kashi 4.6, sauran kuwa kashi 8. Asibitoci a faɗin duniya suka kwaikwaya. Sai a 2009 babban binciken NICE-SUGAR, mai mutum 6,104 galibi a Ostareliya da New Zealand da Kanada, ya zo da akasin haka: kashi 27.5 na waɗanda aka matsa wa sukari sun mutu cikin kwana 90, a kan 24.9 na waɗanda aka bari ƙasa da 180. Mummunar faɗuwar sukari ta sami kashi 6.8 na rukunin farko, rabin kashi ɗaya kawai na na biyu.

Me ya raba binciken biyu? Abu ɗaya babba shi ne marasa lafiyar Leuven ana ɗura musu giram 200 zuwa 300 na gulukos tun ranar farko. Mutanen Leuven da kansu suka koma suka binciki al'adar tasu, kuma wannan abin a yaba musu ne. A 2011 suka raba mutum 4,640 gida biyu, aka fara wa wasu abincin jijiya da wuri, aka jinkirta wa wasu har kwana na takwas. Waɗanda aka jinkirta wa sun fi saurin fita, cuta kuma ba ta kama su kamar sauran ba. A 2016 aka sami irin wannan sakamako a yara 1,440. A 2023 suka sake gwada matsa wa sukari a kan mutum 9,230 da ba a ba abincin jijiya da wuri ba, ba a ga bambanci a mutuwa ko a daɗewa a ɗakin ba. A ganina ma'anar a fili take: kaso mai yawa na sukarin da insulin ke yaƙa a 2001 daga ledar da ke rataye a kan gadon yake zuwa. Yau yawancin asibitoci sai sukari ya kai 180 suke fara insulin, su riƙe shi tsakanin 140 da 180, kuma muddin hanji yana aiki ko da kaɗan ne, ta nan ake fara ciyarwa.

Jarirai lissafinsu daban ne. A 1977 Dennis Bier da abokan aikinsa suka auna gulukos da hanta ke samarwa da kanta. Ta babba wajen miligiram 2 take fitarwa ga kowane kilo a minti, ta jariri kusan 6, domin ƙwaƙwalwar jariri ta kai kusan kashi 10 na nauyinsa, ta babba kuwa kashi 2. Bakwaini yana zuwa duniya ba shi da ajiyar sukari a hanta, ba shi da kitse, don haka awoyi kaɗan na rashi suna iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. In kuma aka yi masa yawa, jikinsa bai iya sarrafa insulin ba tukuna. Ƙa'idojin Turai na 2018 suka ce a fara wa bakwaini da 4 zuwa 8 a ranar farko, a hau a hankali zuwa 8 ko 10, kada a wuce 12. Lissafin da ake koya wa nas shi ne a ninka kason sukarin ledar da mililitan da ke shiga a awa, a raba da nauyin jaririn ninki shida. Jariri mai kilo ɗaya da rabi da ke karɓar mililita 5 a awa na mai kashi 10 yana samun 5.6 ke nan.

Cikakken abincin jijiya yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da shi a ƙasashenmu ba. Amma gulukos yana ko'ina, daga asibitin koyarwa har ƙaramin asibitin ƙauye, kuma cututtukanmu suna kiransa kullum. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kayar da sukarin yaro. Tun 1983 Nicholas White da abokansa suka nuna a Tailan cewa kwinin yana ƙara wutar abin ta hanyar sa jiki fitar da insulin, kuma wannan na cikin fa'idodin komawa allurar atesunet bayan babban binciken 2010 da aka yi a ƙasashen Afirka tara, har da wata cibiya a Ilorin. Ga yaro mai tamowa da sukarinsa ya faɗi har ya fita hayyacinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi mililita 5 na mai kashi 10 ga kowane kilo, a bi da ciyarwa akai-akai. Mai kashi 50 ba a tura wa yaro shi yadda yake, sai an tsinka kaso ɗaya da kaso huɗu na ruwan allura.

Inda babu injin tura ruwa, duk wannan ilimi na shekara ɗari yana komawa kan ɗan gargaren roba da ke jikin tiyo da idon nas. A tiyon yara ɗigo 60 ke yin mililita ɗaya, don haka mililita 5 a awa ɗigo 5 ne a minti, ɗaya a duk daƙiƙa goma sha biyu. Kakar jaririn da ke zaune a gefe tana kallo takan gaji ta ce, "Sista, ruwan nan fa ba ya tafiya." Nas ta ce, "Yana tafiya, Hajiya, haka likita ya tsara shi, don Allah kar a taɓa." Idan wani ya murza gargaren don tausayi ya kai ɗigo 20 a minti, jaririn nan mai kilo ɗaya da rabi ya tashi daga 5.6 ya koma 22, kusan ninki biyu na iyakar da aka yarda da ita, ga ruwa ninki huɗu a kan ƙaramar zuciya. Idan kuma kanula ta goce da tsakar dare, nas ɗaya tana kula da jarirai da yawa, abin da yake samu ya koma sifili.

Abin da ɗakin jarirai ke bukata domin ya tsare wannan lamba bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba. Injin sirinji mai batir da zai ci gaba da aiki idan aka ɗauke wuta, ƙaramar kwalbar awo da ake sakawa tsakanin leda da tiyo domin kada fiye da ruwan 'yan awoyi ya iya shiga a lokaci guda, ma'aunin nauyi mai nuna giram, da tsinken gwajin suga da asibiti zai tanada da kansa maimakon a jira uba ya sayo a kemis. Ya kamata kuma likitan da ya rubuta ruwa ya rubuta miligiram nawa ga kilo a minti yake nufi a kan katin gado, domin nas ɗin da za ta karɓi aikin dare ta san abin da take tsarewa, ta kuma san lokacin da za ta tashe shi.